Uwar Kuɗin Gyaɗa: Mu da Senegal

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana da wani jadawali da take bin sawun amfanin gonar kowace ƙasa da shi: nawa aka ci, nawa aka ba dabbobi, nawa masana'antu suka haɗiye, nawa aka fitar waje, nawa ya salwanta tsakanin gona da kasuwa. Can a gefe akwai wani ɗan gurbi da ido bai cika tsayawa a kansa ba, na abin da aka keɓe domin a mayar cikin ƙasa. Iri ke nan. Idan aka ɗauki amfanin gona masu mai, su gyaɗa da riɗi da waken suya da angurya, aka jera Najeriya da Senegal a wannan gurbi, Najeriya ce a gaba, kuma da tazara mai yawa.

Ba sai an je birnin Rum, inda hedikwatar hukumar take, kafin a gane dalili. Fensir da takarda sun isa. A 'yan shekarun nan gonakin gyaɗa a Najeriya sun haura hekta miliyan 3, na Senegal kuwa sun ɗan ɗara miliyan 1. Hekta guda, in gyaɗa zalla za a shuka, tana cin tsaba kilo 60 zuwa 80, kimanin kilo 100 ke nan da ɓawonta, tunda kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin gyaɗa ɓawo ne. Ninka ka gani. A bisa wannan ƙiyasi, mu muna binne wajen tan dubu 300 kowace damina, su kuma tan dubu 100 da ɗoriya. Mai saurin bugun ƙirji zai ce to magana ta ƙare, mun ninka su uku. Ni dai na ce a tambayi mai ƙosai tukuna.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sana'a ya san abin da ake yi bayan an sauke kasko. Mai ƙosai za ta kwance bakin zane, ko ta juye gwangwanin ciniki a kan tabarma, ta shiga ƙirga. Kuɗin wake take fara warewa, sannan na mai, da na niƙa, da na itace, da na albasa da attaruhu, ta ƙulle su daban. Wannan ita ce uwar kuɗi, ba a taɓa ta ko da yaro na birgima a tsakar gida yana kukan alawa. Abin da ya saura shi ne riba, shi ne na sabulu da cefane da zubin adashi. Iri a wurin manomi uwar kuɗi ne. Abin da ya rage a rumbu bayan an ware shi, shi ne riba.

To a ce wata tana jiƙa wake tiya tara kullum, maƙwabciyarta tiya uku. Me ka sani game da su? Girman kaskonsu kawai. Ba ka san wadda gidanta kaf ya rataya a kan kaskon ba, da wadda ƙosan ɗaya ne cikin sana'o'inta biyar. Ba ka san ko waken nata ne ko bashi ta karɓo a shago ba. Uwa uba, ba ka san ko wani ya taɓa auna tiyoyin nan ba, ko kuwa daga ƙofar gida aka hango hayaƙi aka kintata.

Mu fara da maganar rataya. Ƙidayar 2023 ta nuna mutanen Senegal miliyan 18 ne, mu kuwa mun daɗe da wuce miliyan 200. Raba tan-tan ɗin nan da yawan jama'a, sai labari ya juye: kowane ɗan Senegal, har jariri da ke goye, yana da kimanin kilo 6 na gyaɗa a cikin ƙasa duk damina, ɗan Najeriya kuwa nasa bai cika kilo ɗaya da rabi ba. A yankunan Kaolack da Kaffrine da Fatick da Diourbel, gyaɗa ce kuɗin aure, ita ce kuɗin makaranta, harawarta kuma ita ce abincin doki da ragon layya. Ranar da aka sanar da farashin kilo na gyaɗa a farkon kakar saye, labarin shi ne kan gaba a jaridun Dakar, kuma gwamnati na iya shan suka har ƙarshen shekara a kansa. Mu a nan an ƙara ko an rage kuɗin buhu a kasuwar Dawanau, ba lalle wani a Abuja ya ji ba. Senegal ce mai tiya ukun da ba ta da wata sana'a mai nauyin wannan. In kaskonta ya fashe, gidan ya kwana da yunwa.

Najeriya kuwa mai sana'a biyar ce, kuma sana'o'in ba su cin jari iri ɗaya. Nan ne jimillar da ake bugawa da sunan "amfanin gona masu mai" take iya ruɗar da mutum. Manomin riɗi a Maigatari ko Doma yana ɗauko irin hekta guda a ɗan ƙulli, ya rataya a ƙahon babur, domin kilo 4 zuwa 5 sun wadatar. Tsabar ƙanƙantarsa ma sai an gauraya shi da rairayi kafin a yafa, don kada ya zube wuri guda. Kwakwar manja a kudu ta fi wannan ban mamaki: a dasa kimanin itace 140 a hekta sau ɗaya, ya fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, a yi ta cin moriyarsa shekara ashirin da biyar ba a sake neman iri ba. Manjan da ke cika tukwanen miyar ƙasar nan kusan ba ya barin sawu a gurbin iri. Waken suya na Binuwai da Kaduna ne kaɗai ya ɗan kusanci gyaɗa wajen cin iri. Saboda haka ƙasa na iya tatsar mai da yawa da ɗan iri kaɗan, wata ta binne tuli ta tashi da ƙasa da haka, ya danganta da abin da kowacce ke shukawa.

Gyaɗa dai sana'a ce mai cin jari. A gonakinmu da nasu hekta tana ba da tan guda ko sama da haka kaɗan, ke nan buhu ɗaya ka zuba, goma ka kwasa, in damina ta yi kyau. Gero ko riɗi kwano guda kan dawo da ɗari. Wannan ɗaya cikin goma da dole a ɗaure a ajiye tun daga kaka har saukar ruwa, wata bakwai ko takwas, shi ne jarabawar manomi. Buhun yana jingine a ɗakin maigida, ko a kan dakali don gudun danshi da gara, kowa ya san inda yake. Abu ne da ake ci ɗanye, ake soyawa, ake damawa a kunu, kuma duk ranar kasuwa akwai mai saye da kuɗi a hannu. Uwargida ta ɗebi kwano guda na miya da niyyar za a mayar. Yara sun huda gindin buhun da yatsa. Sai bazara ta kama, hatsi ya ja baya a rumbu, ga rashin lafiya ko biki ya taso, ga dillali yana zagaye ƙauye da babur. Ranar da aka ɗora buhun nan a bayan babur, an ci uwar kuɗi.

Idan ruwa ya sauka, sai a koma kasuwa a sayi abin da aka sayar da araha a kan farashi mai zafi. Abin da ake aunowa a tiya kuma gyaɗar ci ce, ba iri ba. Ka zuba ta a faifai ka duba: ga ja, ga fara, ga mai ƙiba, ga motsattsiya, ga wadda injin ɓara ya fasa gida biyu, ga wadda ƙwaro ya huda. Wata za ta nuna a kwana 90, wata sai ta kai 120, duk a kunya ɗaya, in ka jira ta baya ta farkon ta tsiro a cikin ƙasa. Shi ya sa tsofaffin manoma ke barin irinsu cikin ɓawo har sai shuka ta matso, sannan a taru a zaure ko a gindin bishiya a ɓare da hannu, ana hira ana tsince marasa kyau ana jefawa a wani ƙoƙo daban. Ƙwayar gyaɗa mai ce da ita, in aka tuɓe mata riga da wuri, zafin bazara kan kashe ta tun ba ta ga ƙasa ba.

Sai babbar tambaya: a ina uwar kuɗin take kwana? Nan ne ƙasashen biyu suka raba hanya tun zamanin Turawa.

A Senegal, Faransawa sun lura da wuri cewa manomi kan cinye ko ya sayar da irinsa, kuma masana'antun mai na Marseille da Bordeaux ba za su jure haka ba. Daga 1910 suka kafa ƙungiyoyin tanadi da daga baya aka tilasta wa manoma shiga, aka gina ɗakunan ajiya a garuruwa, ana ba manomi rancen iri lokacin shuka, ya biya da gyaɗa a kaka tare da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan samun 'yanci a 1960 ba a rushe tsarin ba, sai ma aka ƙara masa girma. Hukumar ONCAD, wadda aka kafa a 1966, ita ce mai saye, ita ce mai ba da taki da kayan aiki bashi, ita ce kuma mai riƙe da irin ƙasa baki ɗaya, sama da tan dubu 100. Wannan ita ce mai ƙosan da kullum da asuba take aika yaro shago ya karɓo wake, mai shago ya rubuta a littafi, da yamma a biya. Akwai daɗi a haka: ba ta fargabar ɓera ko ɗan hannu, waken kuma zaɓaɓɓe ne. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Shekarun fari suka zo, manoma suka kasa biya, bashi ya yi wa hukumar katutu, ga almubazzaranci a cikin gida, aka rushe ta a 1980. Sabon tsarin noma na 1984 ya ce gwamnati ta janye hannu, kowa ya koyi ajiye irinsa. Mutanen da aka yi shekara saba'in ana ajiye musu, rana guda aka ce su nemi gwangwani.

Tun daga lokacin, "sake gina jarin iri" ya zama alkawarin da kusan kowace gwamnati a Dakar take ɗauka. An koma ba da tallafi, ana raba dubban tan-tan a farashi mai rahusa duk shekara, kuma duk shekara ƙorafin bai cika sauyawa ba: iri ya iso bayan an gama shuka, rabon ƙaramin manomi bai kai ya cika gona ba, wani lokaci ma gyaɗar kasuwa ce aka tankaɗe aka sa wa sabon buhu. Daga 2014, da aka buɗe ƙofar fitar da gyaɗa zuwa ƙasar Sin, masu saye suka shiga ƙauyuka da farashin da ya fi na masana'antun gida. Manomi ya ji daɗin kuɗi, amma hankalin hukuma ya tashi, domin mai saye ba ruwansa da wannan buhun na iri ne ko na ci.

Mu kuwa jarinmu a bakin zane yake. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta ɓarke a 1912, manoma da fatake ne suka yi abinsu, alhali auduga Ingilishi suka so a noma. Su Alhassan Ɗantata suka tara buhuna har aka yi dalar gyaɗa da ake ɗauka a hoto. Hukumar saye da aka kafa a 1949 ta fi mayar da hankali ga awo da farashi da fitarwa waje, iri kuwa galibi yana hannun manomi, daga rumbunsa, ko na ƙaninsa, ko kasuwar ƙauye. Tsarin yana da taurin rai, tunda babu wani ofishi guda da zai rushe ya tafi da irin kowa. An soke hukumomin saye a 1986, ba a fasa shuka gyaɗa ba. Yau ma abin da ake nomawa ya zarce na zamanin dala, sai dai cikinmu yake tafiya, a man girki da ƙuli-ƙuli da kunu da yajin tsire.

Amma mai ajiye jari a bakin zane, ranar da gobara ta tashi ba ta da wurin zuwa. Tamu gobarar ta zo a 1975, ana cikin farfaɗowa daga farin 1973. Cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa, wadda ɗan ƙwaron nan darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta dubu 700 a Arewa. Riba ta tafi, uwar kuɗi ta bi ta. Da yawa ba su sami ko abin mayarwa ƙasa ba, suka koma wake da gero, wasu ba su ƙara waiwayar gyaɗa ba sai bayan shekaru.

Wani abin dariya a wannan gasar tamu da Senegal shi ne, wani kaso na jarin da muke taƙama da shi daga gidansu ya fito. Ƙaramar gyaɗar nan mai saurin nuna da ake kira 'Yar Dakar a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, a tashar bincike ta Bambey aka zaɓo ta, lambarta 55-437. Kwana 90 take yi, tana jure ƙarancin ruwa, masu matsar mai suna son ta. Tsohuwa ce ƙwarai, kuma kuturta na kama ta, amma har yanzu tana cikin gonakinmu, ana ta juya ta daga rumbu zuwa rumbu.

Ba don babu sabo ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, tare da cibiyar bincike ta duniya ICRISAT, ta fitar da jerin irin da ake kira SAMNUT, ciki har da SAMNUT 24 na 2011, mai saurin nuna, mai yawan mai, mai jure kuturta. Matsalar hanyar isarsa ce. Gyaɗa kanta take yi wa barbara, don haka wanda ya saya sau ɗaya zai iya ajiye nasa shekara da shekaru bai koma shago ba. Ga nauyi a mota, ga saurin mutuwa a ajiya. Ɗan kasuwar iri ya duba wannan, ya duba masarar aure da dole a sake saya duk shekara, ai ba sai an gaya masa inda zai sa kuɗinsa ba. Sannan ga lissafin ɗaya-ta-haifi-goma. In cibiya ta fitar da tan guda na sabon iri, baɗi ya zama 10, sannan 100, sai damina ta biyar kafin ya kai tan dubu 100, kuma da sharaɗin ba wanda ya soya ko ƙwaya ɗaya a hanya. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da muke bukata.

Saura maganar awo, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. FAO da kanta ta bayyana cewa inda ƙasa ba ta kawo alƙalumanta na iri ba, takan ƙiyasta ne, ko dai ta ɗauki wani kaso na amfanin da aka samu, ko ta ninka faɗin gonakin shekara mai zuwa da abin da hekta ke ci. Wato irin lissafin da muka yi da fensir a sama. A Senegal wannan lissafi yana kusa da gaskiya, domin gyaɗa zalla ake shukawa, da ɗan injin shuka da doki ko jaki ke ja, mai faifai a ciki da ke sakin ƙwaya a tazara ɗaya. Ga kuma rabon tallafi da ke da rajista, ko da ana gardama a kanta. A ƙasar Kano ko Katsina fa? Je ka tsaya a gonar ƙaramin manomi: layin gero, layin dawa, gyaɗa a tsakani, wake yana jiran a gama girbin gero ya miƙe ƙafa. Ana shuka da sungumi da diddige, wani ya jefa ƙwaya ɗaya a rami, wani biyu. Wannan gonar a takarda hekta ce ta gyaɗa, amma ba ta ci ko kusa da kilo 100 ba. Tan dubu 300 ɗin namu hayaƙi ne aka hango daga ƙofar gida.

In aka ce in zaɓa tsakanin gidajen biyu, na fi son jari ya kwana a hannun mai shi. Abin da ya sami manoman Senegal bayan 1980 ya isa ishara ga duk mai kiran gwamnati ta zama rumbun kowa. Amma barin manomi da irin da ya gada tun zamanin kakansa, a ce wai ai yana da 'yanci, wannan sakaci ne. Aikin hukuma a nan ba shi da wani ƙyalƙyali, shi ya sa ba a rububinsa. A ba cibiyoyin bincike kuɗin samar da irin tushe. A sami manoma a kowace gunduma da za su ninka shi, da damina da kuma rani a inda akwai madatsar ruwa, don a rage shekarun jira. A saye shi daga hannunsu tun a kaka kafin dillali ya riga, a sayar a ƙananan ƙulli na kilo biyu ko biyar da talaka zai iya saya ya gwada a gefen gona. Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa da malaman gona na jihohi kuma su riƙa shiga gonaki suna auna abin da ake shukawa da gaske, domin mu daina karɓar labarin gidanmu daga bakin mai ƙiyasi.

Kai kuma manomi da ka sayo iri a kasuwa, ko ka sauko da naka daga rumbu, mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Saura mako biyu a yi shuka, ɗebi ƙwaya 20 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka binne a jiƙaƙƙen rairayi cikin tsohon kwano, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana goma ka ƙirga. In waɗanda suka tsiro ba su kai 15 ba, ba uwargida ta yi ƙuli-ƙuli da buhun, ka nemi wani iri tun ruwa bai sauka ba.